Tukunyar Maigida

"To in gyaɗa guba ce, kai da me na raine ka?"

Inna ce ta faɗa, tana tsaye a bakin turmi da taɓarya a hannu. Yaya Abdulwahid ya zo daga gidansa na unguwar Belleville da farar riga mai dogon hannu, ya ƙi zama a kan benci saboda maiƙo. Ya ce shi bai ce guba ba, likita ne ya ce jikin yaron ba ya ɗaukarta. Inna ta ce likitan ya zo ya faɗa mata da bakinsa. 'Ya'ya huɗu ta yaye da kunun gyaɗa, babu wanda ya kumbura sai shi, shi ma sai da ya samu aikin takarda a tashar jiragen ruwa kansa ya kumbura.

Ina zaune a ƙofar ɗakina ina jinsu. Daminar 1983 ce. Na gama makaranta ban ci jarrabawar ƙarshe ba, ina jiran wata shekara. Ba ni da abin yi sai zama.

Gidanmu a unguwar Adjamé, cikin Abidjan, gidan gyaɗa ne. Shekara talatin Inna tana soya ta, ta kai niƙa, ta matse mai, ta murza ƙuli-ƙuli. Rumfarta tana cikin kasuwa, masu tsiren unguwa duk a wurinta suke saye. Ƙamshin ya shiga bango, ya shiga katifa, ya shiga littattafaina. A aji da sunan gyaɗa ake kirana, da Faransanci.

Yaron da ake faɗa a kansa ɗan Yaya ne, shekararsa biyar. A garin San Pedro aka haife shi, can Yaya ya yi aiki. Sunan mahaifinmu marigayi aka sa masa, Abdurrashid, don haka Inna ba ta faɗar sunan. Maigida take ce masa. Sau biyu ta taɓa ganinsa: ranar suna, sai kuma wata biyu da suka wuce, da aka maido su Abidjan. Ta je Belleville da kwalla cike da ƙuli. Matar Yaya, Zaituna, ta tare ta a matakalar bene, ta miƙa wa mai gadi kwallar, ta nuna wa Inna famfo da sabulu kafin ta shiga. Inna ta dawo gida. Ba ta kuma koma ba.

Yanzu Zaituna ta yarda a kawo shi gidan kakansa ranar Lahadi. In an kiyaye, za a riƙa kawo shi. In ba a kiyaye ba, shi ke nan. Haka Yaya ya faɗa, ya ciro takarda daga aljihu ya miƙo mini.

"Ja'afaru, ka karanta mata in ta huce."

Ya tafi. Inna ta ci gaba da daka.

Zaituna haihuwar unguwar Treichville ce. Hausarta ta gaisuwa ce da cinikin kasuwa, sauran duk Faransanci. Aikinta buga takardu, wannan ma da keken rubutu ta buga ta, layi shida, kowanne da lambarsa. Bayan la'asar na zauna gaban Inna na juya mata ita zuwa Hausa. Kada a ba shi gyaɗa, ɗanya ko soyayya. Kada a yi masa girki da man gyaɗa. Ban da ƙuli, ban da yajin da aka daka da ƙuli. Tukunya ko ludayi ko turmin da ya taɓa gyaɗa, kada ya taɓa abincinsa. Wanda ya ci ko ya taɓa, sai ya wanke hannu da baki da sabulu kafin ya matso kusa da yaron.

Na ninke takardar.

Inna ba ta karatu, amma tana ƙirga. Ta karɓa ta buɗe, ta bi layukan da ɗan yatsa, ta bar tabon mai a kan kowanne.

"Shida ne. Biyar ka karanta."

Na ce na ƙarshen gaisuwa ce. Ta ce ta san matar ɗanta, ba ta sa wa gaisuwa lamba.

Sai na karanta. Yana ɗan shekara biyu ya lashi cokalin miyar gyaɗa a gidan maƙwabta, maƙogwaronsa ya toshe, numfashi ya tsaya, sai a asibiti ya dawo. Likita ya ce in aka sake, yana iya mutuwa.

Inna ta tofar da yawu a gefe. Ta daɗe tana kallon turmin. Daga nan ta ce in je in kira Mati mai tsire da yaransa, su mirgina shi zuwa bayan rumfarsu.

Ranar Alhamis ke nan. Ba a sake soya gyaɗa a gidanmu ba a makon.

Juma'a muka yi wanki. Toka da ruwan zafi a dandamalin ƙofa, sabulun salo a bango har inda hannu ya kai. Muka fitar da buhuna da kwalabe da tukwane, muka jibge a ɗakina, aka ce in kulle. Bencin da Yaya ya ƙi zama a kai, Inna ta kankare shi da wuƙa har farin icen ya fito. Ba ta magana, ni ma haka. Mun dace a wannan.

Asabar ta ce mu je sayen tukunya. Na ce ga masu tukwane nan a kasuwarmu. Ta ce rumfarsu tana jikin injin niƙa, ƙurar gyaɗa tana sauka a kan kayansu tun safe. Kasuwar Treichville za mu. Muka shiga bas muka haye gada. Ta sayi ƙaramar tukunyar dalma, ludayi, kwano mai murfi, cokali ɗaya. Ta tsaya gaban wata 'yar ƙabilar Baule mai sayar da manja, ta daɗe. Inna ta sha cewa manja man waɗanda ba su san mai ba ne. Ta sayi kwalba guda. Daga bakin kasuwar zuwa gidan Yaya ba nisa, na faɗa mata. Ta ce ba a gayyace ta ba. A bas ta ɗora tukunyar a cinya, naɗe cikin sabon ƙyalle, ba ta bari kowa ya goge ta ba.

Saura hannuwanta. Ta jiƙa su a ruwan lemun tsami, ta sosa ƙarƙashin farce da tsinken tsintsiya, ta wanke, ta sake. Fatar ta yi fari-fari, ta tsage a gaɓoɓi. Ta miƙo mini in sansana. Na ce babu komai. Akwai kaɗan.

Da yamma ta tuna maƙwabta.

Gidan haya ne, ƙofa goma sha ɗaya, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Hausawa ne da Jula, sai wani Bamoshe mai gyaran keke. In baƙo ya zo wa ɗaya, ya zo wa kowa. Kowace ƙofa tana aiko kwano, kuma kwano ba ya komawa yadda ya zo. Ko loma ɗaya ce sai baƙon ya sa hannu, mai kwano ta gani a idonta. An taɓa shekara biyu ba a gaisawa a gidan nan saboda kwanon dambu da ya koma ba a taɓa ba. Baƙon kuwa jikan Malam Abdurrashid ne, wanda ya yi wa rabin yaran gidan huɗuba. Kowa zai girka.

Inna ta ba ni takardar ta ce in bi ƙofa-ƙofa.

Ƙofar farko ta Safiyatu ce. Tana tsaye da goyo, jaririn yana kallona ta saman kafaɗarta. Na karanta biyar. Da na zo na shida bakina ya ƙi. Ba a ambaton mutuwa a kan yaro mai rai, a ƙofar mace mai goyo, ana gobe zai zo. Ta tambaye ni me gyaɗar take yi masa. Na ce ƙuraje da kumburi. Ta ce Allah sarki, za ta yi aloko, soyayyar ayaba, da manja.

Da na faɗa sau ɗaya, sauran ya zo da sauƙi. Ƙuraje da kumburi, ƙofa bayan ƙofa.

Mati ya ce zai kawo tsire na musamman, babu gyaɗa ko ƙwaya. Na tambaye shi yajin fa. Ya ce yaji ai ƙuli ne. Na ce ƙuli gyaɗa ce. Ya dube ni kamar ya ga dalilin faɗuwata jarrabawa. Ya ce gyaɗa ita ce mai ɓawo, in an matse ta gyaɗar ta fita ta bi mai, abin da ya rage ƙuli ne, ni ɗan mai ƙuli ban san wannan ba? Muka daɗe. A ƙarshe ya yarda zai gasa da gishiri kawai, amma ya ce kada a faɗa wa kowa shi ya gasa.

Ƙofar ƙarshe ta Baba Delu ce. Ita ta fi kowa daɗewa a gidan. Ita ta tarbi Inna a tashar jirgin ƙasa ranar da ta sauka Abidjan tana amarya, ba ta san kowa ba. Ita ta karɓi haihuwarmu duka. Da mahaifinmu ya rasu, a ɗakin Inna ta riƙa kwana har aka gama takaba. Inna ba ta taɓa zama a kan kujera Baba Delu tana ƙasa ba.

Ta saurare ni har na gama, tana taunar goro a hankali.

"Ƙuraje kawai?"

Na ce eh.

Ta ce ita ma tana yin ƙuraje da zafi. Ta ce ta ji, in gaida Balaraba, wato Inna.

Lahadi Inna ta tashi da wuri. Ta kafa sabon murhu nesa da tsohon, ta dafa shinkafa da miyar kifi a sabuwar tukunya. Ba ta ɗanɗana da ludayin ba, a tafin hannu take ɗigawa. Ta yi wanka sau biyu, ta ɗaura zanen da ba ta taɓa zuwa kasuwa da shi ba. Ta rufe tukunyar, ta ɗora ta a kan bencin.

Wajen hantsi kwanoni suka fara zuwa. Dambun rogon da ake kira aceke da soyayyen kifi, aloko, tuwon masara da miyar kuɓewa, tsiren Mati fari fat kamar mara lafiya. Ina karɓa, ina sansanawa, ina tambayar da wane mai. Inna ta shirya yadda za a yi: Yaya zai sa hannu a kowanne a madadin ɗansa, yaron kuwa daga tukunyarta kaɗai zai ci, da hannunta. Tun Alhamis ba ta faɗi abin da take so ba sai a wannan maganar.

Ana kusa da azahar Baba Delu ta fito. Ba ta aiko kowa ba, da kanta ta ɗauko kwanon, sanda a ɗaya hannun. Ta sa mayafin sallah. Ta ratsa tsakar gida a hankali, mata suna yi mata sannu, ta zauna a kan kujerar Inna ta buɗe murfin.

Miyar gyaɗa ce da zakara. Zakaranta ne, wanda yake tashinmu da asuba.

Ta ce gyaɗar kaɗan ta sa, don kauri. Ta ce marigayi ba ya ɗaga kai in an ajiye masa wannan miyar, kuma mai sunansa ba zai shigo gidan nan ya fita bai san ɗanɗanonta ba. Loma ɗaya za ta ba shi da hannunta, ta sa masa albarka. In ƙuraje sun fito tana da magani.

Inna ta juyo ta dube ni. Na dubi ƙasa. A nan ta gane nawa na karanta.

Mota ta yi oda a bakin titi. Wata yarinya ta leƙo ta ce taksi ya tsaya, sun iso.

Mata sun cika tsakar gida. Inna za ta iya ɗauke kwanon ta mayar, a gaban kowa. Za ta iya faɗar layi na shida da bakinta. Sai ta durƙusa a gaban Baba Delu ta jawo kwanon.

"Yaya Delu, ai maigida ba ya ci sai uwargida ta ɗanɗana masa."

Ta sa hannu. Hannun da tun jiya take wankewa. Ta ci loma, ta ƙara, ta ƙara. Ba ta tauna sosai. Mata suka yi dariya, suna cewa uwargida ta yi kwaɗayi. Baba Delu ma ta yi dariya da farko, daga baya ta ce ke Balaraba, wannan ɗanɗano ne ko yaƙi? Inna ba ta ɗago ba. Ta tsotse ƙasusuwan, ta sa yatsa ta suɗe gefen kwanon.

A haka suka same ta.

Yaya ne a gaba, Zaituna a baya riƙe da hannun yaron. Ɗan siriri ne, da gajeren wando da farar safa, goshin mahaifinmu sak. Zaituna ta tsaya a bakin ƙofa. Ƙamshin ya riga ya isa gare ta. Ta ga Inna a durƙushe, miya har wuyan hannu, maiƙo a leɓe. Ta sunkuya ta ɗauki yaron, ta danna jakarta a ƙarƙashin hammata. Na san akwai allurar ceton yaron a ciki, Yaya ya faɗa mini.

Inna ta ce sannunku da zuwa. Ba ta ƙara komai ba, Baba Delu tana zaune. Ta tashi ta nufi famfo.

Na je bakin ƙofa na yi wa Zaituna bayani da Faransanci, ƙasa-ƙasa. Na faɗi turmin, da bencin, da tukunyar Treichville. Na ce ta cinye ne don kada ya rage. Zaituna tana kallon bayan Inna a famfo, tana wanke baki da sabulu tana tofarwa. Ta tambaye ni ko na karanta wa mutanen gida takardar. Na ce eh. Ta ce duka? Na ce ban da na ƙarshen.

Ta ce ita ta riƙe shi a mota ranar nan, leɓensa ya koma shuɗi, kuma bai yi kuka ba don babu iskar da zai yi kukan da ita. Ta ce shi ya sa ta sa wa layin lamba. Ba ta ɗaga murya ba.

Duk da haka ta shigo. Ta zauna a kan bencin da yaron a cinya, tukunyar tana gefenta. Inna ta dawo ta zauna a tabarma, nesa kaɗan, ta cusa hannuwa cikin mayafi.

"Maigida, ka zo ke nan? Shekara biyar ka bar ni, ko kuɗin cefane babu."

Mata suka yi dariya. Yaron ba ya jin Hausa. Na juya masa, ya ɓoye fuska a wuyan uwarsa, ya leƙo da ido ɗaya. Inna ta ce kun ga, kunyarta yake ji, ya san bai kyauta ba. Ya yi murmushi ba tare da ya san dalili ba. Can ya nuna tukunyar, ya ce wa uwarsa yana jin yunwa, mene ne a ciki.

Zaituna ta dubi tukunyar. Sabuwa ce, ko baƙin wuta bai gama kama gindinta ba. Ta ɗora yatsa a kan murfin. Inna ta daina motsi.

Sai Baba Delu ta dafa sanda ta miƙe. Ta ce tunda Balaraba ta cinye rabon mijinta, akwai saura a tukunyarta, bari ta ɗebo. Ta riga ta juya.

Yaya yana kallon takalminsa. Inna tana kallon Baba Delu. Babu wanda zai faɗa.

Na ce, "Baba, kada ki ɗebo. Ba ƙuraje ba ne, ni na yi miki ƙarya. In ya ci, numfashinsa ke tsayawa. Likita ya ce yana iya mutuwa."

Da Hausa na faɗa, da ƙarfi, yaron yana kallon bakina. Safiyatu ta ce a'uzu billahi ta gyara goyonta. Wata ta ja 'yarta ta shige ɗaki. Baba Delu ta tsaya inda take. Ta dubi kwanon da aka suɗe, ta dubi Inna, ta daɗe tana dubanta. Ta sunkuya da ƙyar ta ɗauki kwanon da murfin. Inna ta yunƙura za ta karɓar mata, Baba Delu ta janye shi. Ta koma ɗakinta ta saki labule.

Zaituna ta ɗauke yatsanta daga kan murfin. Hausarta ta isa ta ji wannan. Ta buɗe jaka ta ciro burodi a takarda, ta gutsura wa yaron. Ya ci a kan cinyarta.

Ba su kai rabin awa ba. Yaya ya bi kwanonin ya sa hannu a kowanne, a tsaye, da sauri, har tsiren Mati. Zaituna ta durƙusa ta yi wa Inna sallama da Hausarta, ta ce sun gode, abinci ya yi ƙamshi. Ta ce wa yaron ya ɗaga wa kakarsa hannu. Ya ɗaga. Inna ta gyaɗa masa kai, hannuwanta suna cikin mayafi.

Na raka su. Muna bakin ƙofa Inna ta taso ta biyo mu, ta tsaya kusa da bencin. Ba Zaituna ta kalla ba, ba Yaya ba, tukunyar take kallo.

"Wannan fa, in ajiye masa ita daban, ko in haɗa ta da sauran?"